Jan Zare a Keken Inna

Shekara ashirin da shida maigidana ya yi yana kula da siton wani kamfanin kayan gini. Ranar da suka sallame shi bai dawo gida da komai ba sai kofin shayinsa da wata ɗabi'a. Kofin ko wata ɗaya bai yi ba ya fashe. Ɗabi'ar kuwa ta samu wuri ta miƙe ƙafa a gidanmu.

A sitonsu, in shekara ta zagayo, sukan bi kanta-kanta suna dubawa. Duk kayan da ya shekara ba wanda ya zo nemansa, sai a ce ya mutu, a fitar da shi a ba wani wurin. Maigidana ya ƙware a wannan aiki har mutanen unguwa suka daina kiran sunansa, sai dai Mai Sito. Mutum ne mai gaskiya, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ko ƙusa ɗaya bai taɓa shigowa da ita gida ba, har nakan tsokane shi in ce duk garin nan ni kaɗai ce matar mai sito da ƙofar banɗakinta ke rataye da waya.

Wata uku ya yi a zaune bayan sallamar. Ya tashi da safe ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya zauna a falo yana kallon bango har in dawo daga makarantar da nake koyarwa. Ban taɓa jin tsoro a aurena irin na wannan lokacin ba. Shi ya sa ranar da na dawo na tarar da shi a tsaye, idonsa na ƙyalli, na yi hamdala tun kafin in ji abin da zai faɗa.

Ya ce, "Malama, kin san abin da ke cinye mu a gidan nan?"

Na ce, "Rashin aiki."

"A'a. Kaya ne. Dubi nan. Firij biyu, kowanne na shan wuta. Mota na shan mai ko ta fita ko ba ta fita ba, don sai an tashe ta. Kujerun nan goma sha ɗaya, mu uku a gida. Kowane abu da kike gani yana da baki, kuma mu ke ciyar da shi. In muka rage bakunan, albashinki kaɗai zai riƙe mu."

Sai ya ciro dunƙulen jan zare daga aljihu. A aljihun keken ɗinkin mahaifiyarsa ya ɗauko shi. Ya ce zai ɗaura wa kowane abu a gidan ɗan zare. Duk wanda ya yi aiki da abu, aiki na gaske ba taɓawa kawai ba, sai ya yanke zaren. Bayan wata uku, abin da aka samu da zarensa ya mutu ke nan, mota ta zo ta kwashe shi.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ranar sai da ya ɗaura wa ludayi zare, ya ɗaura wa matsefi, ya hau tebur ya ɗaura wa fanka. Gidanmu ya koma kamar an yi masa kwalliya. Na bar shi ya yi, domin mutumin da ya yi wata uku bai ce uffan ba yau ga shi yana waƙa a ƙasan maƙoshi.

Mu uku ne a gidan, kamar yadda ya faɗa. 'Ya'yanmu biyu sun girma sun kama gabansu. Ta ukunmu ita ce Inna, mahaifiyarsa.

Mata da yawa in an ambaci suruka sai su taɓe baki. Ni ba ni cikinsu. Uwata ta rasu ina da shekara tara, kuma ban sake sanin abin da ake kira uwa ba sai da na shigo gidan nan. Inna tela ce. Da keken ɗinki ɗaya ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, maigidana ne na ƙarshensu, shi ya sa har ya yi furfura Auta take ce masa. Ni kuma 'yar nan. In muka yi faɗa da ɗanta ba ta tambayar wa ke da laifi, shi take hau da faɗa, daga baya ta ja ni gefe ta ce, "Ke ma bakinki ya cika tsawo, 'yar nan, rage shi kaɗan."

Shekara biyu kafin a sallami maigidana Inna ta fara mantuwa. Da fari makulli, sai sunayen jikoki, sai ta tsaya a tsakiyar magana tana laluben kalma kamar mai neman allura a tabarma. Likitan da ya duba ta ya ce ba maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Ya ce abu ɗaya za mu iya yi mata, mu bar ta a cikin abubuwan da ta sani, kowanne a inda ta san shi. Na tuna wa maigidana wannan magana ranar da ya fara ɗaure-ɗaurensa.

Ya ce, "Ai abin da take amfani da shi ba wanda zai taɓa. Ita za ta yanke zaren da kanta."

Na ce ban yarda ba. Muka ja, muka ja, a ƙarshe ya ce to, kayan Inna an ba su shekara cur, kamar yadda ake yi a sito. Na ɗauka na ci nasara.

Dole in faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Motar farko da ta zo, wata tsohuwar akori-kura ce ta wani mai sayen tsofaffin kaya, ta tafi da firij ɗaya, kujeru takwas, talabijin ɗin ɗakinmu, da tarin kwanukan da ban buɗe ba tun haihuwar ɗanmu na fari. Bayan wata uku ta dawo ta kwashe kafet da akwatuna. Motarmu ya sayar, ya koma tafiya a ƙasa, cikinsa ya saɓe, hawan jininsa ya sauka. Shara da take cin mini awa guda ta koma ta minti goma. Wata ya riƙa ƙarewa ba mu nemi kowa ba. Na kwanta na yi barci mai daɗi a ɗakin da ba komai sai katifa da ƙusar rataye kaya, na ce ashe duk shekarun nan bauta muke yi wa tarkace.

Har ni ma cutar ta kama ni. A ɗakin malamai na zama mai wa'azi. In wata ta sayo sabuwar jaka sai in tambaye ta me tsohuwar ta yi mata. Takalmina ɗaya, jakata ɗaya, kuma ina taƙama da su fiye da yadda na taɓa taƙama da gwal. In na fita na dawo ban buɗe jaka ba, sai in ji wani sanyi a raina kamar na yi ibada.

Abin da ban so in gani ba shi ne Inna. Akwai wani kabad mai gilashi a bakin lungun da ke kaiwa banɗaki. Ba nata ba ne, namu ne, kuma ba abin da ke ciki sai kofunan baƙi, saboda haka ya tafi a mota ta biyu. Ashe da shi Inna ke gane inda za ta karya kwana. Kwana biyu da tafiyarsa na same ta a kicin, zaninta a jiƙe, tana kallon murhu cike da kunya. Na wanke ta, na canja mata kaya, na ce wa kaina ciwon ne ke ƙaruwa. Haka aka yi da agogon bangon da ya daina tafiya, wanda takan tsaya a gabansa ta gyara ɗankwali. Da aka cire shi sai ta riƙa tsayawa tana kallon farin da'irar da ya bari a bango. Wannan ma na ɗora wa ciwo.

Amma kullum da safe muna da rabin awa, kuma wannan rabin awar ita ce duk abin da ya rage mana na Inna.

Kekenta na falo, a gindin taga. Baƙi ne, na ƙafa, zanen furannin jikinsa duk ya goge. Igiyar da ke haɗa babbar ƙafar da kan keken ta tsinke tun shekara uku, ba a gyara ba don idonta ya daina ganin ramin allura. Duk da haka da gari ya waye sai ta zo ta ɗage ƙyallen da ke rufe shi, ta goge shi lungu-lungu, ta ɗiga masa mai, ta zauna ta ɗora ƙafa ta fara takawa. Ƙafar ƙarfen ta yi ta juyawa a ƙasa, allura ba ta motsi. Muddin tana takawa, Inna tana nan. Za ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake kowa ba. Za ta dubi ɗanta ta ce, "Auta, wuyan rigar nan ya mutu, kawo in juya maka shi." Za ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kin rame, wannan yaron yana ba ki abinci kuwa?" In ta sauke ƙafa ta rufe keken, sai ta fara dusashewa a hankali har yamma. Washegari kuma ta dawo.

Jan zaren na ɗaure a wuyan keken, kusa da inda ake sa zare. Wata rana na ɗauki almakashi zan yanke shi, maigidana ya riƙe hannuna.

Na ce, "Ai tana amfani da shi kullum, a gabanka."

Ya ce, "Tana goge shi. A sito ma muna goge kayan da suka mutu."

"Uwarka ce fa, ba buhun siminti ba."

"Malama, in na yi wa abu ɗaya alfarma, gobe ke za ki kawo naki, jibi ni in kawo nawa, mu koma gidan jiya. Keke aikinsa ɗinki. Ya ɗinka ko bakin hankici ne, ni da hannuna zan yanke zaren."

Na san mijina. In ya ce ko bakin hankici, to ko bakin hankici ɗin ne. Abin da ake bukata bai wuce igiya ba. In aka sa igiya, in zura mata zare a allura, in riƙe mata ƙyalle, ta taka sau goma, magana ta ƙare. Kuma ina da wata bakwai a gabana.

Sau biyu na je shagon mai gyaran keken ɗinki da ke bayan tasha. Zuwan farko na tarar a rufe. Zuwa na biyu na same shi a cikin kawunan kekuna da ƙamshin mai, ya ciro igiyar fata sabuwa daga ƙusa ya faɗi kuɗinta. Kuɗin bai kai na burodin mako ɗaya ba. Na ce ya rage. Ya rage. Na ce ya ƙara ragewa. Ya ce, "Hajiya, in na sauka daga nan sadaka na yi." Ni kuwa, sarauniyar masu tattali, na saɓa jakata ɗaya tak na juya, ina jiran ya kira ni. Bai kira ba. Na tafi gida ina jin daɗin ban buɗe jaka ba, na ce wata rana na samu mai araha a kasuwa.

Wannan shi ne laifina, kuma ban taɓa samun wanda zan ɗora wa shi ba, ko da yake na nema.

Ranar da shekara ta cika ina makaranta ina tsaron jarrabawa. A lissafina saura mako guda. A lissafin Mai Sito kuwa, wanda bai taɓa kuskuren kwanan wata ba tun da aka haife shi, ranar ce. Da azahar na turo ƙofa na shigo, falon ya yi mini wani irin faɗi. A gindin taga ba komai sai tabo huɗu a siminti, inda ƙafafun keken suka shekara talatin suna tsaye.

Inna na tsaye a wurin. Tsumma a hannun dama, 'yar kwalbar mai a hagu. Su ba a tafi da su ba, don kullum ana amfani da su, tun tuni aka yanke musu zare.

Ta dube ni ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ko kin ga inda aka kai kayana?"

Ba ta taɓa ce mini baiwar Allah ba.

Na same shi a ɗaki yana ninke rigarsa ta biyu, wadda daga ita sai ta jikinsa. Ban san na iya irin maganganun da na faɗa masa ba. Na ce kamfanin da ya kore shi ya san abin da yake yi, ya shekara ashirin da shida a kan kantar sito ba wanda ya zo nemansa. Na ga maganar ta shige shi, kuma a lokacin na ji daɗi. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Na tambaye ta. Na ce Inna, za a tafi da keke. Ta ce to."

"In ka ce mata za a tafi da kanta ma to za ta ce."

"Na ba ki shekara, Malama. Igiya kawai."

Na juya na fita daga ɗakin.

Ya ce za ta saba, kwana biyu ne. Washegari da safe Inna ta fito da tsummanta da kwalbarta, ta tsaya a kan tabon nan huɗu, ta daɗe, sannan ta koma ɗaki ta zauna a bakin katifa. Ba ta tambayi jika ko ɗaya ba. Rana ta biyu haka. Rana ta uku maigidana ya kai mata shayi, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna ta ce, "Na gode, maigida. Allah ya saka da alheri." Ya tsaya da farantin a hannu kamar an dasa shi.

Ya ce, "Inna, ni ne fa. Auta."

Ta yi murmushin da ake yi wa baƙo in ya yi wasan da ba a gane ba. Ta ce, "Ni ma ina da Auta. Yana makaranta."

Bai gama sa takalmi ba ya fita, na bi shi. Da muka samo mai akori-kura ya ce shi kam kan keken da ƙafafunsa ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe tun ranar, don ba mai sayen keken da ba ya ɗinki. Katakon kuma ya ba wata mai tuya ta hura wuta. Har da ƙorafinsa, wai ƙarfen ya yi nauyi, saura kaɗan ya karya masa baya, da ya sani da bai ɗauka ba.

Filin tsohon ƙarfen na can ƙarshen gari. Tsibi-tsibi na ƙofofin mota, gadaje, tukwanen da suka huje, injinan da aka farke cikinsu, ƙasa duk ta yi baƙi da mai. A tsakiya ga wani ƙaton sikeli, ga mutum biyu suna dukan wani abu da guduma. Maigidana, mutumin da ko ƙura ba ya bari ta hau rigarsa, ya durƙusa yana tonon tsibin da hannu. Mai filin ya bar shi ya yi ta yi, sannan ya tako ya tsaya a kansa.

Ya ce, "Baba, kar ka yanke hannunka a banza. Mu nan kaya ba ya kwana. Abin da ya shigo kwana uku da suka wuce babbar mota ta kai shi wurin narkarwa jiya."

Maigidana ya ɗago ya dube shi. Ina jin ya gane maganar, don irinta ya shekara ashirin da shida yana faɗa wa mutane.

Daga nan shagon mai gyaran keke muka nufa. Mutumin ya gane ni, ya dubi igiyar da ke rataye a ƙusa, ya kau da kai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yana da wani tsohon keke irin na Inna sak, baƙi, na ƙafa, yana ɗinki lafiya lau. Ya faɗi kuɗi, maigidana bai taya ba. Abin da muka tara na wata da watanni ya tafi a minti biyar.

Muka ajiye shi a kan tabon nan huɗu, ƙafa a kan ƙafa. Muka rufe shi da ƙyallenta. Da safe muka laɓe a bakin kicin kamar ɓarayi. Inna ta fito, ta ga ƙyallen, ta yi sauri har tana tuntuɓe. Ta ɗage shi. Ta shafa katakon da tafin hannu, tana neman wani abu. Na san abin da take nema, ƙunar dutsen guga ce a gefen dama, wadda Auta ya yi yana ɗan shekara bakwai. Ta ja aljihun keken, ya buɗe sumul, nata kuwa sai an ɗaga shi an girgiza. Ta leƙa ƙasa ta dubi wurin taka ƙafa, ba ramin da diddigenta ya ci. Sai ta mayar da ƙyallen a hankali, ta gyara gefunansa.

Ta hango ni ta ce, "Yi haƙuri, matar gida, na taɓa miki keke. Mai kyau ne. Ki riƙa sa masa mai."

Tun daga ranar Inna ta zama baƙuwa a gidan da ta shekara talatin a ciki. Ba ta shan ruwa sai ta nemi izini. In ta ci abinci sai ta rage rabi, wai kar ta cinye wa masu gida. Ta ninke zannuwanta uku ta ɗaure a ɗankwali ta ajiye a gefen filo. Kullum da la'asar sai ta same ni ta ce, "Kun yi mini karamci, ba abin da zan ce. Amma yara na can su kaɗai. A taimaka a kai ni gida." In na ce nan ne gida, sai ta dubi falon, bango huɗu fes, kujeru uku, tabarma ɗaya, ta girgiza kai cikin ladabi. Kuma tana da gaskiya. Ni kaina in aka rufe mini ido aka kawo ni, ba zan rantse nan ne gidan da aka kawo ni ina amarya ba.

Maigidana ya daina maganar kaya. Ya je ya nemo agogon bango ya rataya a kan farin da'irar. Ya yi yawo har ya samo kabad mai gilashi ya kafa a bakin lungu. Ya dawo da kujeru. Gidan ya sake cika da kayan da ba mu sani ba, na mutanen da ba mu sani ba, Inna kuwa ta ƙara tabbata gidan wasu ne. Ni da shi muka koma magana sai ta dole. Ina jin haushinsa, yana jin nawa, kuma kowa ya san in aka auna laifin a sikelin can ba wanda zai rinjayi wani.

Wata Asabar da hantsi ina wanki a bayan gida na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa ɗakin Inna, ba ta nan, ƙunshin kayanta ma ba ya nan. Na kira shi, muka fito tare.

Tana zaune a dakalin ƙofar gida, daidai inda ake jera kaya in akori-kura za ta zo. Ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ƙunshin na kan cinyarta, kwalbar mai da tsumma a gefe. A wuyan hannunta na hagu akwai jan zare. Ban san inda ta samo dunƙulen ba. Ta ɗaura shi da hannu ɗaya da haƙori, ƙulli biyu ƙanana masu kyau irin na tela, ta datse bakin daidai. Matar da ta manta sunan ɗanta, yatsunta ba su manta ƙulli ba.

Maigidana ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Ai na gane yadda ake yi, maigida. Na zauna na lura. Duk abin da aka ɗaura wa wannan, mota na zuwa ta kai shi. Agogo ya tafi, kabad ya tafi, kekena ya tafi. Duk suna can gida. Ni kaɗai aka manta ba a ɗaura mini ba."

Na juya baya, don ban so ta ga fuskata. Da na waiwayo ya ciro ɗan almakashin yanke zaren da yake yawo da shi a aljihu tun shekara guda, ya kamo hannunta a hankali. Ta fizge da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ɓoye hannun a ƙarƙashin ƙunshin.

Ta ce, "Don Allah kar ka yanke. In ka yanke ba zai ɗauke ni ba."

"Inna, motar ba za ta sake zuwa ba. Na hana ta."

"Za ta zo. Kullum tana zuwa." Ta dubi bakin titi, sannan ta dube shi, ta ga hawaye na bin gemunsa, tausayi ya kama ta. Ta miƙa ɗaya hannun ta gyara masa wuyan riga. Na kasa kunne, ina jiran ta ce Auta, wuyan rigar nan ya mutu.

Ta ce, "Kai mutumin kirki ne, uwarka ta yi tarbiyya. Alfarma ɗaya za ka yi mini. Rannan na ji mai motar yana ƙorafin nauyi. In ya zo, ka faɗa masa ni ba ni da nauyi."

Almakashin ya faɗi a kan dakalin. Bai ɗauka ba, ni ma ban ɗauka ba. Ya zauna a gefenta, na zauna a ɗaya gefen, rana na hawa. Duk motar da ta karyo kwana sai Inna ta ɗaga hannun nan mai zare sama, yadda direba zai gani.